Maganin barci bayan doguwar tafiya a jirgi: wanne za ka sha, da ƙarfe nawa

Aikina harhaɗa magunguna ne a Kano, kuma kantina ba shi da nisa da Kantin Kwari, saboda haka masu zuwa Chana da Dubai saro kaya ba sa yanke mini. Da zarar bikin baje kolin Guangzhou ya gabato, wajen Afrilu da kuma Oktoba, buƙata ɗaya ce ke ta maimaituwa: "Malam, ba ni ƙwayar da za ta kwantar da ni in na sauka." Akwai ɗalibai masu komawa Malesiya, akwai iyaye mata masu zuwa Amurka taya 'ya'yansu jego, akwai kuma waɗanda suka zo hutu daga can suka kwana ido biyu a gidan da aka haife su. A gaban kanta ba a samun sararin yin bayani yadda ya kamata, ga layi a baya, ga mai tafiya yana sauri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi a tsanake, domin a wannan sha'ani lokacin da aka sha maganin ya fi sunan maganin muhimmanci, kuma ƙwaya mai kyau da aka haɗiya a sa'ar da ba ta dace ba tana iya ƙara dagula lamarin.

Fara da lissafin awa

Kafin ka tambayi magani, ka tambayi kanka awa nawa ne tsakanin agogon gida da na inda za ka. Nisan tafiya ba shi ne abin dubawa ba. Wanda ya tafi Afirka ta Kudu ya daɗe a sama, amma awa 1 kacal ce tsakaninmu da su, gajiya ce kawai ke damunsa, kwana ɗaya ya warware. Landan a lokacin zafinsu agogonmu ɗaya, a lokacin sanyi suna bayanmu da awa 1. Saudiyya da Turkiyya da Habasha suna gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi. Chana da Malesiya suna gabanmu da awa 7. New York tana bayanmu da awa 5 a lokacin zafi, 6 a lokacin sanyi, Houston 6 ko 7, Los Angeles 8 ko 9. Wannan lissafin na wanda ya tashi daga Najeriya ko Nijar ko Kamaru ko Chadi ne. Na Gana ya ƙara awa 1 idan gabas ya nufa, ya rage 1 idan yamma.

Idan tazarar ba ta kai awa 3 ba, babu maganar magani. Daga 3 zuwa 4, yawancin mutane suna daidaituwa da kansu cikin 'yan kwanaki. Daga awa 5 zuwa sama ne ake fara tunanin ƙwaya.

Nan zan tsaya a kan masu zuwa Umra da Hajji, don su ne suka fi zuwa neman maganin da ba sa bukata. Awa 2 ba ta rikita jiki. Abin da ke hana alhaji barci a Makka shi ne ɗawafin dare, da tafiya Harami tun kafin asuba, da cinkoson ɗaki, da tari. Ƙwayar barci ba ta gyara ko ɗaya a ciki. Idan yaro ya zo ya ce in ba shi abin da Baba zai riƙa sha a can, nakan ce masa, "Ɗana, tsohon da ya sha wannan ƙwayar ya tashi cikin magagi zai yi alwala a banɗakin da bai saba da shi ba, faɗuwa zai yi. In bai faɗi ba, ya fita ya kasa gane hanyar masauki." Ƙailula bayan azahar ta fi masa duk abin da ke kan kantata.

Abin da ke faruwa a jiki

A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da ke riƙe wa jiki lokaci. Shi ke tsara sa'ar jin barci, da sa'ar jin yunwa, da hawa da saukar zafin jiki, har da lokacin zagayawa. Idan duhu ya yi, yakan umarci wata 'yar halitta a tsakiyar ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin melatonin cikin jini, kamar awa 2 kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya. Hasken da ke shiga ido ne ke saita wannan agogo kullum. Binciken yadda yake aiki ne ya sa aka ba wasu masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel a 2017.

Jirgi ya kai ka cikin yini guda, amma agogon jikinka tafiyar ayari yake yi, zango-zango. Idan gabas ka nufa yakan ci kamar awa 1 a rana, idan yamma kamar awa 1 da rabi. Yamma ta fi sauƙi saboda agogon yawancin mutane ya ɗan zarce awa 24, tsawaita yini ya fi masa daɗi a kan gajarta shi.

Ɗauki ɗan kasuwar da ya sauka Guangzhou. Ƙarfe 10 na dare a masaukinsa na unguwar Xiaobei, jikinsa yana ƙarfe 3 na rana a Kano, lokacin da ciniki ya kankama. Zai yi ta juyi a gado. Barcin gaske zai zo masa ne wajen 5 da rabi na asubar can, wato 10 da rabi na daren gida, daidai lokacin da ya kamata ya tashi salla. Ƙarfe 9 na safe da zai fita kasuwa, jikinsa yana ƙarfe 2 na dare. A wannan yanayi ne zai zauna ya yi cinikin kwantena, ya lissafa canji, ya duba ingancin yadi. Ga kumburin ciki, ga rashin jin yunwa, ga saurin fushi. In bai yi komai ba, kusan mako guda zai ɗauka kafin ya dawo daidai, ga shi tafiyar duka kwana goma ce.

Idan kuwa kwana biyu kawai za ka yi ka juyo, kada ka wahalar da kanka. Ka riƙe lokacin gida gwargwadon iko, ka sa muhimman ganawa a sa'o'in da jikinka ke farke.

Melatonin, da yadda ake shan sa

A duk magungunan da ake samu a kantuna, wannan ne kaɗai nake bayarwa da nufin ya taɓa agogon kansa. Sauran suna danne mutum ne ya yi barci, agogon na nan inda yake. Melatonin na kanti kwafi ne na wanda jiki ke yi, wanda wani likitan fata, Aaron Lerner, ya gano a Jami'ar Yale a 1958. Aikinsa biyu: yana ɗan kawo gyangyaɗi, yana kuma shaida wa ƙwaƙwalwa cewa dare ya yi. Na biyun shi ne abin da ake nema.

A 2002 cibiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen magani ta auna su, ta duba gwaji 10 da aka yi a kan matafiya. Takwas daga ciki sun nuna melatonin ya rage wahalar ga waɗanda suka ƙetare tazarar awa 5 ko fiye, idan an sha shi kusa da lokacin kwanciya na inda aka sauka, tsakanin 10 na dare da 12. An ga amfaninsa ya fi fitowa a tafiyar gabas. Daga rabin miligiram zuwa miligiram 5 duk sun yi aiki kusan iri ɗaya, sai dai masu shan 5 sun fi saurin yin barci. Abin da ya haura 5 bai ƙara komai ba. Ina jaddada wannan domin kwalabe masu miligiram 10 sun cika kasuwa, kuma mutanenmu suna ganin mai babbar lamba shi ne mai kyau. Abin da mai 10 zai ƙara maka shi ne nauyin kai da safe.

Ga yadda nake tsara wa mai zuwa Chana ko Malesiya. Ya sayi mai miligiram 3, irin wanda ke narkewa nan take. Ya duba jikin kwalin, idan ya ga an rubuta slow release ko prolonged release ko time release, ya ajiye. Wannan nau'in, irin su Circadin mai miligiram 2, yana fita ne a hankali har gari ya waye, an yi shi ne don rashin barcin masu shekaru 55 zuwa sama, kuma a gwaje-gwajen matafiya bai taɓuka abin kirki ba. Agogon jiki yana son saƙo guda mai ƙarfi ne a sa'a guda.

Kafin tafiya da 'yan kwanaki ya gwada ƙwaya ɗaya a gida da dare, ya ga yadda jikinsa zai karɓe ta. Bai kamata daren farko a baƙuwar ƙasa ya zama daren gwaji ba. In zai iya, kwana uku kafin tashi ya riƙa matso da kwanciyarsa, kullum da awa 1, ko da rabin awa ne ma yana rage tazara.

Daren farko da ya sauka, bayan ya yi isha'i ya ci abinci da wuri, ya sha ƙwaya ɗaya minti 30 zuwa awa 1 kafin ya kwanta, a ce 10 na daren can. Ya rage fitila, ya ajiye waya, domin hasken fuskar waya a kusa da ido yana warware abin da ƙwayar ke ƙullawa. An fi so a bar tazarar awa 2 tsakanin abinci da ƙwayar, mai ciwon suga ya bar awa 3, saboda melatonin yana iya ɗaga suga idan ya haɗu da abinci mai nauyi. Ya maimaita a wannan sa'ar kowane dare. Hukumar lafiya ta Ingila ta ƙayyade kwana 5 a jere, kuma kada a sha kafin 8 na dare ko bayan 4 na asuba a agogon inda ake. Wannan iyakar tana da dalili: melatonin da aka sha da safe yana tura agogo baya, akasin abin da mai zuwa gabas yake so, ga kuma barcin da zai kama shi a tsakiyar kasuwa. Idan miligiram 3 bai wadatar ba bayan dare biyu, ana iya kaiwa 5 ko 6, a tsaya nan.

Illolinsa ba su da yawa ga mai lafiya: ciwon kai, jiri, tashin zuciya kaɗan, mafarkai masu yawa. Kada a tuƙa mota bayan an sha. Amma akwai waɗanda ba na ba su sai sun ga likitansu. Mai juna biyu da mai shayarwa. Yara. Mai farfaɗiya. Mai shan warfarin na tsinka jini. Mai ciwon hanta. Mai cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kanta. Mai shan fluvoxamine, wani maganin ciwon damuwa, wanda ke ninka melatonin a jini sau da yawa. Akwai guda biyu kuma da suka shafe mu a nan sosai. Nifedipine, da masu hawan jini da yawa ke sha, melatonin na iya rage masa ƙarfi. Sai ciprofloxacin, da ake yawan bayarwa da sunan taifot, shi kuma yana hana hanta sarrafa melatonin da wuri, sai ya daɗe a jini.

Batun inganci yana damuna matuƙa. A Ingila sai da takardar likita ake ba da melatonin, a Amurka kuwa yana kan kanta tare da bitamin, ba a binciken sa kamar magani, kuma irin waɗannan kwalaben ne suka fi shigowa kasuwarmu. A 2017 masana a Jami'ar Guelph ta Kanada sun auna nau'i 31, suka tarar wani abin da ke cikinsa ya gaza abin da aka rubuta da kashi 83 cikin 100, wani ya zarce da kashi 478. Saboda haka ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka zaɓi ƙwaya a kan mai kama da alawa. Mai kama da alawar nan sau da yawa da gelatin ake yin sa, wanda ba ka san daga wace dabba ya fito ba, kuma yara na ganin sa za su shanye.

Haske: rabin maganin da ba a saye

Melatonin shi kaɗai ba ya isa idan ana shiga rana a sa'ar da ba daidai ba. A kowane dare akwai lokacin da zafin jiki ke sauka ƙasa ƙwarai, kamar awa 2 zuwa 3 kafin lokacin da mutum ya saba tashi. Ga mai tashi asuba 5 da rabi, wajen ƙarfe 3 na dare ke nan. Hasken da ya shiga ido bayan wannan lokaci yana jawo agogo gaba. Hasken da ya shiga kafinsa yana tura shi baya.

Ƙarfe 3 na daren Kano shi ne 10 na safiyar Guangzhou. Ke nan wanda ya fito ƙarfe 7 ko 8 na safe a ranar farko ya tsaya cikin rana, yana ganin taimakon kansa yake yi, tura agogonsa baya yake, ƙwayar dare tana ja gaba, ranar safe tana ja baya. A kwana biyun farko ya zauna cikin inuwa ko ya sa baƙin tabarau har zuwa 10 ko 11, daga nan ya cire ya sha haske sosai har bayan azahar. Kowace rana ya matso da lokacin fita da awa 1. Zuwa rana ta huɗu hantsi ya zama abokinsa.

Haka lissafin yake ga wanda ya zo gida daga Amurka, shi ma gabas ya yi. Na New York da ya saba tashi ƙarfe 7, ya guji rana mai ƙarfi har wajen 10 na safe a kwanakin farko. Na Los Angeles sai bayan azahar. 'Yan uwa su yi masa uzuri idan bai fito gaisuwar sassafe ba, ba girman kai ba ne.

Tafiyar yamma, da dawowa gida daga Chana

Nan abin ya juye. Hajiyar da ta sauka Houston a lokacin sanyi, ƙarfe 4 na yammar can jikinta yana 11 na dare. Barci zai kwashe ta da la'asar, ta farka tsakar dare ta rasa abin yi. Haka ɗan kasuwar da ya dawo Kano daga Guangzhou, yana sallame magariba ido ya rufe. Maganin wannan haske ne da yamma: a fita waje daga la'asar zuwa faɗuwar rana, a kunna fitilu bayan magariba, a daure har 9 ko 10 na dare. Melatonin a lokacin kwanciya ba shi da wani babban amfani a nan tunda barcin na zuwa da kansa. Inda yake taimakawa shi ne idan an farka ƙarfe 1 ko 2 aka kasa komawa, sai a sha ɗan kaɗan, rabin miligiram zuwa 1, muddin 4 ba ta yi ba.

Ƙwayoyin barci na takardar likita

Zolpidem da zopiclone su ne likitoci suka fi rubutawa don wannan matsala. Suna sa barci da sauri, kuma suna barin jiki da wuri idan aka kwatanta da tsofaffin magunguna. Ba sa gyara agogo. Amfaninsu ga wanda melatonin bai yi masa ba ne, kuma yana da muhimmin aiki washegari, na dare biyu ko uku kawai. Ba na bayar da su sai da takarda, kuma ko da takardar sai na yi wa mutum wannan lissafi: ƙwayar tana bukatar awa 7 zuwa 8 a kwance. Idan asubar garin 5 da rabi ce, to a sha ƙarfe 9 da rabi ko 10, a gefen gado, a kwanta nan take. Wanda ya yi ta juyi har ƙarfe 1 sannan ya tashi ya haɗiya, zai tashi salla a buge, ko ta wuce shi.

Zolpidem miligiram 5 ne ga mata da tsofaffi, 5 zuwa 10 ga maza. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ce ta rage na mata a 2013, bayan an gano yana daɗewa a jininsu har safiya ta yadda tuƙi ke zama haɗari. A 2019 kuma ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa, saboda an samu mutanen da suka tashi cikin barci suka yi tafiya, suka yi girki, suka tuƙa mota ba su sani ba, wasu suka ji rauni, wasu suka rasu. Wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi ko sau ɗaya, ya rabu da maganin har abada. Ka yi tunanin mutum shi kaɗai a hawa na goma na otal, da kuɗin jama'a a jakarsa. Zopiclone miligiram 7.5 ne, tsofaffi 3.75, yana barin ɗaci a baki har washegari.

Mai ƙiba da ke minshari har numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, da mai ciwon huhu mai tsanani, da mai ciki, da wanda ya taɓa fama da shaye-shaye, duk su nisance su. Ba a haɗa su da giya, ko tramadol, ko kodin, domin haɗuwar na danne numfashi. Ba na kuma son a haɗa su da melatonin a dare ɗaya. A wani gwaji da aka yi a kan matafiya daga Amurka zuwa Suwizalan, waɗanda aka haɗa wa biyun sun fi kowa kokawa da ruɗewa da tashin zuciya da nauyin barci da safe.

Waɗanda nake hanawa ƙiri-ƙiri

Diazepam, wanda ake kira Valium ko D5, rabinsa kawai jiki ke iya fitarwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, abin da hanta ke mayar da shi kuma ya fi haka daɗewa. Wanda ya sha dare uku a jere, taruwa yake yi a jikinsa, ya wuni a sanyaye. Lexotan ma danginsa ne, ga saurin sabo. Rochi kuwa, wato Rohypnol, yana shafe tunanin abin da ya faru, kuma a ƙasashe da dama kama mutum da shi babban laifi ne. Maganin tari mai kodin gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun 2018. Piriton da Phenergan suna kawo barci, gaskiya ne, amma da nauyin jiki har azahar, da bushewar baki, kuma cikin 'yan kwanaki jiki ya saba su daina aiki. Dattijo mai kumburin mafitsara suna iya toshe masa fitsari gaba ɗaya a ƙasar da bai san asibiti ba. Kuma don Allah, iyaye mata, kada a ɗura wa jariri Phenergan don ya yi shiru a jirgi. An haramta shi ga yaron da bai kai shekara 2 ba saboda yana iya tsayar da numfashi.

Cikin jirgi

Shawarata a nan ɗaya ce, kada a sha ƙwayar barci a sama. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna zama wuri ɗaya na awa 4 ko fiye yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa kusan sau biyu. Wanda ƙwaya ta danne ba ya motsi ko kaɗan, ƙafa a lanƙwashe daga Adis Ababa har Guangzhou. Ga sauya jirgi: daga Kano zuwa Adis Ababa ko Alkahira tafiyar ba ta kai awannin da ƙwayar ke bukata ba, za ka sauka cikin maye kana neman ƙofar jirgi na biyu da fasfo a hannu. Idan kuma wani abu ya taso aka ce a fita da gaggawa, kana bukatar hankalinka. Ka sha ruwa, ka tashi ka taka lokaci-lokaci, ka rufe ido da ƙyalle, ka toshe kunne. Barcin da ya zo da kansa, marhabin.

Abin hana barci da rana

Kofi da shayi da goro duk sinadari ɗaya ke aiki a cikinsu, kuma yana taimakawa ƙwarai da safe da hantsi. Sai dai bayan awa 5 rabinsa na nan a jini, don haka a tsaya da shi awa 6 zuwa 8 kafin kwanciya. A Chana kowane shago ka shiga za a zuba maka shayi a ƙananan kofuna, ana ciniki ana ƙarawa. Daga ƙarfe 3 na yamma ka nemi ruwan zafi zalla. Mai goro ya tuna hukumomin Saudiyya sun hana shiga da shi. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana da kyau, a sa ƙararrawa, kuma kada a yi ta bayan la'asar. Modafinil da ɗan'uwansa armodafinil, magungunan hana barci da wasu ɗalibai ke nema, hukumar Amurka ta ƙi amincewa da armodafinil don wannan matsala a 2010, kuma suna raunana ƙwayar tazarar haihuwa. Ba na ba da su.

Doka a bakin iyaka

Zolpidem da zopiclone da diazepam da tramadol duk magunguna ne da doka ta sa wa ido a kusan ko'ina. Daular Larabawa da Saudiyya ba sa wasa da wannan. Mai ɗauke da irinsu ya bar su cikin kwalinsu na asali, daidai adadin kwanakin tafiya, tare da takardar likita mai sunansa da hatimin asibiti, ya kuma duba shafin ma'aikatar lafiya ta ƙasar kafin ya tashi, domin wasu na son a nemi izini tun daga gida. Ko wucewa kawai za ka yi ta filin jirginsu, dokar ta hau kanka. Kada ka karɓi saƙon magani na kowa, ko waye shi.

Masu shan magani kullum

Mai allurar insulin ya zauna da likitansa kafin tafiya, saboda ranar zuwa gabas gajera ce, ranar zuwa yamma doguwa, kuma adadin allurar na iya bukatar gyara. Masu maganin farfaɗiya, da na ƙanjamau, da ƙwayar tazarar haihuwa, su riƙe tazarar awannin da ke tsakanin sha da sha, sannan su riƙa matsar da lokacin a hankali. Baƙon da ya zo daga Turai ko Amurka yana shan mefloquine don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ya sani shi kansa maganin yana hana barci, yana kawo munanan mafarkai da fargaba. In ya ga haka, ya ga likita a sauya masa wani.

Rikicewar agogo ba ta kawo zazzaɓi. Wanda ya bar gida ya sauka Guangzhou ko Houston ya ji jiki ya yi zafi da sanyi-sanyi, ya je asibiti a ranar, ya faɗa musu da bakinsa daga ƙasar da ake maleriya ya fito, domin likitan can ba lalle tunaninsa ya kai nan ba. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana ciwo, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi a kwanaki ko makonnin da suka biyo bayan tafiya, na gaggawa ne, ba a jira safiya. Idan kuma mako biyu suka wuce barci bai dawo daidai ba, a daina ƙara ƙwaya, a je a duba hawan jini da suga da minshari da damuwa.